Ranar da Ai-Na-Sani Ya Share Gindin Bishiyar Gaggafa

Ƙanwata tela ce ta fara ba ni labarin nan, ranar da ta kawo mini rigar da na ba ta ta rage wa hannu. Tana faɗa tana dariya har sai da na karɓe almakashin daga hannunta, kada ta ji wa kanta ciwo. Guraren da ta tsallake kuwa, shi gogan, mijin nata, shi ya cike mini su da bakinsa, yana ganin wanke kansa yake yi.

Shekara talatin ya yi yana masinja a asibiti, yana kai fayil daga wannan ɗaki zuwa wancan, yana kai kwalaben gwaji. Saboda haka a ganinsa rabin likita ne, ɗaya rabin ma takarda ce kawai ba a ba shi ba. Ba ka isa ka kai ƙarshen magana a gabansa ba. Kana tsakiya zai tare ka da "ai na sani", har sunan ya bi shi, ya kuma amsa. Mutumin kirki ne, kada ku ji na ce ba haka ba. Zai tuɓe rigarsa ya ba ka, sai dai fa sai ya tsayar da kai ya koya maka yadda ake sa riga.

Unguwarsu a bakin tafki take. Can ƙarshen layi akwai wata doguwar bishiya, a ƙololuwarta gaggafa biyu suka yi sheƙa, mata da miji, irin masu farin kai da farin ƙirji, waɗanda ba su da abinci sai kifi. Shekara da shekaru suna nan, sheƙar ta yi faɗi kamar gado. A bana suka ƙyanƙyashe 'ya'ya biyu. Tun da Ai-Na-Sani ya yi ritaya ba mai aikensa ko'ina, sai ya koma zama yana kallonsu, yana yi wa masu wucewa bayanin abin da tsuntsayen ke tunani.

Filin da bishiyar take na wani mai kiwon kifi ne, ana ce masa Mai Tarwaɗa, don ita kaɗai yake kiwo a cikin kwatamai na siminti. Ya zuba ƙanana da yawa, ya ga suna raguwa, ya ɗaga kai ya ga gaggafa, shi ke nan ya sami ɓarawo. Ya ce zai sare bishiyar, da sheƙar da 'ya'yan da komai.

Ana haka sai ga wata 'yar siririyar yarinya daga jami'a, da takalmin roba har gwiwa da abin hangen nesa a wuya. Binciken irin waɗannan tsuntsaye take yi, ta ce sun fara ƙaranci, wannan ce sheƙa ta ƙarshe a duk gefen tafkin. Kowa Dakta yake ce mata. Ta sami Mai Tarwaɗa a gaban jama'a ta ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni mako huɗu. Duk abin da gaggafa ta ci, ƙayarsa da kansa da ɓawonsa a gindin bishiya suke faɗowa. In muka tarar da kan tarwaɗa, gaskiyarka ce. In karfasar tafki ce, ka bar musu gidansu."

Ya ce, "Mako huɗu. Ranar Asabar ta ƙarshe mai injin sare itace zai zo, ko da shaida ko babu."

Duk wannan bayanin Ai-Na-Sani yana wurin, amma kunnensa ba ya wurin. Ya karɓi abin hangen nesan yana leƙawa ta baya, yana gaya wa na kusa da shi cewa na asibitinsu ya fi wannan ƙarfi. Da Dakta ta ce za ta koma gari, tana neman wanda zai riƙa korar awaki da karnuka daga gindin bishiyar, kafin ta rufe baki ya riga ya tsaya a gabanta.

Ta ce, "Baba, aikin ba wuya. Abu ɗaya ne kawai, kada a…"

"Ai na sani, 'yata. Shekara talatin ina cikin bincike."

"Ina nufin duk abin da ya faɗo…"

"Na sani, na sani. Je ki abinki, ki dawo ki ga aiki."

Washegari ya sa ƙanwata ta ɗinka masa farar riga irin ta likitoci daga wani tsohon zanin gado. Ya sa aljihu uku, ya jera biro a kowanne. Ya je gindin bishiyar ya tsaya ya riƙe ƙugu. Abin da ya gani ya tayar masa da hankali: ƙayoyi, kawunan kifi, ɓawo, gashin tsuntsu, ƙudaje. Ya tuna babbar nas ɗinsu ta da, wadda in baƙi za su zo sai an wanke har bayan ƙofa. Ya ce a ransa, yanzu a nan za a tara manyan mutane? Yarinyar nan ilimi gare ta, amma tsafta sai an taimaka mata.

Ya sayo tsintsiyar kwakwa sabuwa. Ya share wurin tas, ya yayyafa ruwa, ya jera duwatsu ya shafa musu farar ƙasa, ya ajiye benci, ya kafa allo ya rubuta: Wurin Bincike, Babban Mai Kula. Sharar kuwa ya ɗure ta a buhun siminti, ya ɗaure baki, ya rubuta kwanan wata a jiki da manyan baƙaƙe, don a asibiti ko audugar da aka yar sai an rubuta mata rana. Ya kai gida ya dire gaban keken ɗinki.

"Ƙona wannan. Sharar bincike ba a zubar da ita, ƙonawa ake yi."

Ƙanwata ta dubi buhun, ta dube shi, ta ce, "Malam, ka tabbata haka yarinyar ta ce?"

"Ke da kika san tsawon hannun riga, me ya haɗa ki da kimiyya?"

Ta ce, "To."

Haka ya yi ta yi. Kullum shara, duk mako buhu ɗaya. Gindin bishiyar ya koma kamar tsakar gidan amarya. Masunta in za su wuce sai su ce, "Likitan tsuntsu, ya masu jiki?" Ya ce, "Da sauƙi, mun sallami biyu jiya." Bai taɓa gane tsokana ce ba.

Ran Larabar mako na huɗu, ya kawo buhu na huɗu ke nan, wayarsa ta yi ƙara. Dakta ce. Ya buɗe muryar wayar don matarsa ta ji yadda manya ke magana da shi.

"Baba, ina fata ƙayoyin sun taru da yawa? Su ne fa shaidarmu kaɗai. Ko ɓawo ɗaya kada a ɗauke, yadda suka faɗo haka nake son in tarar da su ranar Asabar."

Ai-Na-Sani ya ji kamar an zare masa kujera. Ya ce, "Ai… na sani. Sun taru. Har ba wurin taka ƙafa."

Da ya ajiye wayar ya zauna a kan tulin yadin mutane. Abin da ya fara zuwa masa a rai, 'yan tsuntsayen nan biyu ne, da ko fiffike bai gama fito musu ba, da kuma ƙarar inji. Na biyu kuma, abin da masunta za su ce.

Ƙanwata ta tsayar da keke ta ce, "Malam, game da buhunan nan…"

"Ai na sani, kin ƙona. Ni na sa ki, ban ga laifinki ba."

"Tsaya mana ka ji…"

"Ba lokacin kuka ba ne. Kwana uku gare ni, kuma ina da dabara."

Dabara ta farko, ya ce tunda tsuntsaye ne suka zubar da na farko, su zubar da na biyu, gaggawa kawai za a sa su. Ya roƙi masunta ƙananan kifaye rabin bokiti, ya baje a gindin bishiyar, ya ɗaga kai yana kira, "Bismillah, ku sauko, an gama." Gaggafa suka leƙo da ido ɗaya, suka juya masa ƙeya, don su abin da suka kamo da ƙafarsu suke ci. Waɗanda suka amsa gayyatar kyanwoyin unguwa ne, sai shirwa ta biyo, sai karen mai faci. Kafin ya kori wannan, wancan ya ɗauka. Da suka gama, har ɗan abin da tsuntsayen suka zubar a ranar sai da suka lashe. Wurin ya fi da tsafta.

Ran Alhamis ya ce ai asalin ma'ajiyar tana sama, a bakin sheƙa. Ya aro tsani wurin mai gyaran wuta, ya ɗaura leda a ƙugu, ya hau, farar riga na kaɗawa. Daga tsani ya kama reshe, daga reshe ya kama wani. Ya kusa rabi ke nan uwar ta yi wani kuka, ta jefa kai baya, ta saki reshenta. Bai ga zuwanta ba, iska kawai ya ji a tsakiyar kansa, ya shafa ya ji ba hula. Ya zame, wani guntun reshe ya shige ta bayan rigar ya riƙe shi, ya tsaya yana lilo tsakanin sama da ƙasa kamar wanki.

Masunta suka ajiye komarsu suka taru.

"Likita, yau kai aka kwantar?"

Ya ce, "Ƙarfin reshe nake gwadawa. Ku matso da tsanin, na gama."

"Ka tabbata ka gama? Kada mu katse maka bincike."

Sai da suka sa ya maimaita sau uku suka sauke shi. Ya koma gida ba hula, riga a tsage. Ƙanwata ta karɓa tana ɗinkewa, ta ce, "Ɗinkina ne ya riƙe ka, ka sani. Yanzu za ka saurare ni game da buhu…"

"Na ce miki na yafe. Kada ki ƙara tayar da maganar, ciwo take mini."

Ta gatsa zare da haƙori ta ce, "To."

Ran Juma'a ya fito da babbar dabara. Ya ce ƙaya ai ƙaya ce, wa zai tambaye ta daga bakin wa ta fito? Ya ɗauki bokiti ya bi gida-gida yana sallama, wai ana binciken lafiyar unguwa, kowa ya kawo ragowar kifin da aka ci. Matan unguwa suka yi ta zazzage masa kwanoni.

Wata ta ce, "Baba, in yunwa ce ka faɗa, a zuba maka mai nama."

"Kimiyya ce, 'yar nan."

"Kimiyyar tana son romo?"

Daga ƙarshe ya biya wurin mai suyar kifi ta bakin titi. Ita ce ta cika masa bokitin har ya yi tozo, ba ta ko tambaye shi ba, murna take an rage mata shara. Bai duba abin da ta zuba ba. Da sassafen Asabar ya je ya watsa su gindin bishiyar, yana ja da baya yana karkata kai, yana gyara wannan da ƙafa don ya yi kama da abin da ya faɗo daga sama.

Hantsi na yi wuri ya cika. Mai Tarwaɗa ya zo da mai inji, wanda ya zauna a gefe yana ɗura mai yana wasa haƙoran sarƙa. Dakta ta sauko daga mota, ta ga duwatsu masu farar ƙasa da allo. Ai-Na-Sani ya tare ta da sabuwar hula, ya nuna ƙasa da hannu biyu kamar mai gabatar da kayan lefe.

Ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta sa safar hannu, ta tsuguna da ɗan hantsakinta. Ta ɗauki ƙaya ta farko ta juya ta.

"Wannan kifin teku ne, irin na ƙanƙara da ake sayarwa a kwali."

Ai-Na-Sani ya ce, "Ai na sani. Suna tafiya mai nisa, tsuntsayen nan. Wani lokaci sai yamma suke dawowa."

Ta ɗauki ta biyu ta sunsuna. "Wannan da barkono."

"Uwar ce. Tun da ta yi ƙwai bakinta ya canja."

Ta ɗago ƙashin cinyar kaza. Ta ɗago murfin gwangwanin kifi. Ta ɗago ƙaramin cokali. Wata mata daga baya ta ce, "Cokalina ne wannan, tun jiya nake nemansa, har na zargi surukata." Dariya ta fara tsiyaya ta ko'ina, mutane na rufe baki da gefen mayafi. Dakta ba ta yi dariya ba. Hantsakinta ya kai kan wani abu baƙi mai faɗi, da gashin baki. Ta ajiye shi a kan ƙyallen. Ta ɗauko wani, ta ƙara ɗauko wani, har suka yi layi.

Mai Tarwaɗa ya matso ya duƙa. "Wannan fa, Dakta? Shi ma daga teku?"

Ta ce a hankali, "Kan tarwaɗa ne."

"To alhamdu lillahi. Ni ban san barkono ba, ban san cokali ba. Kin ce kan tarwaɗa, ga kan tarwaɗa." Ya juya wurin mai inji. "Tayar."

Inji ya ɗauka. A sama uwar ta fara kewaya tana kuka, 'ya'yan suka leƙo da kawunansu masu furfurar gashi. Ai-Na-Sani ya dube su, ya dubi jama'a, ya dubi biro ɗin da ke aljihunsa. Ya ce mini a lokacin ya gwammace a sake rataye shi a reshe. Sai ga shi ya taka ya je ya jingina bayansa da bishiyar, ya buɗe hannuwa.

"Kashe abin nan. Ni ne gaggafar."

Aka kashe. Ya ce, "Ni na zuba su da asuba. Na asalin na share su, mako huɗu ina sharewa, na sa an ƙone. Yarinyar nan ta so ta gaya mini, ban bari ba. Ban sani ba." Kalmar ta fito masa da ƙyar, kamar ana cire haƙori. Wani masunci ya ce a maimaita, bai ji da kyau ba, aka harare shi.

Mai suya ta kutso ta ɗauki kai ɗaya ta nuna. "Ga saran wuƙata nan. Kifinka ne kam, Mai Tarwaɗa, amma kai ka auna mini shi da hannunka ran Talata, har kana cewa in daina taɓa manya."

Mai Tarwaɗa ya gyara tsayuwa. "To na ji. Ke nan ba shaida. Na ba da mako huɗu, sun cika, kifina na raguwa. Na faɗa tun farko, ko da shaida ko babu."

Dakta ta cire safar hannu. Idonta ya ciko. Ai-Na-Sani bai matsa daga jikin bishiyar ba.

Sai aka ji kukan baro daga bakin layi, ƙiiƙi, ƙiiƙi. Ƙanwata ce, da tef ɗin awo a wuya, tana turo buhunan siminti huɗu, ƙudaje na yi mata rakiya. Ta dire su gaban Dakta.

Ai-Na-Sani ya ce, "Ba ki ƙona ba?"

"In ƙona ƙayar kifi a gidan da na rataye yadin mutane? A kan rufin akurki na ɗora su. Sau biyu ina buɗe baki, sau biyu ka sani."

Dakta ta kwance buhu na farko ta zazzage, ta bi da hantsaki. Na biyu, na uku, na huɗu. Wari ya sa na gaba suka koma baya. Ta daɗe a tsugune, sannan ta ɗago ta kira Mai Tarwaɗa ya duba da idonsa. Ɓawo ne fari fat da ƙayar karfasa. Tarwaɗa ba ta da ɓawo, shi ya fi kowa sani, kuma ko kai ɗaya nata babu.

Ya sosa ƙeya. "To wa ke cinye mini kifi?"

Ta ce, "Kana raba manya da ƙanana?"

"A'a, wuri ɗaya suke, ai 'yan uwa ne."

"Manyan ne ke haɗiye ƙananan, ranka ya daɗe. Ka raba su mako biyu ka gani."

Ai-Na-Sani ya buɗe baki, "Ai na…" Ƙanwata ta yi tari. Ya rufe.

Mai inji ya naɗe igiyarsa ya tafi. Dakta tana ɗaure buhunan ta ga rubutun jiki ta ce, "Wa ya sa kwanan wata? Wannan ya taimake ni, yanzu na san abin da suka ci kowane mako." Ƙanwata ta ce tana kallo da idonta ƙirjin mutumin ya fara tasowa kamar ƙullin da aka sa wa yis. Kafin Dakta ta shiga mota ya riga ya tara mutum biyar yana gaya musu dama tsarin ke nan tun farko, bokitin jiya kuwa gwaji ne, don a ga ko yarinyar ta ƙware.

A nan ƙanwata ta tsayar da labarinta. Washegari da safe na sa rigar da ta gyara mini, na shiga mota na tafi unguwar. Na same shi a benci, an kewaye gindin bishiyar da igiya, ƙayoyi sun fara taruwa. Ya miƙo mini abin hangen nesan da Dakta ta bar masa, wannan karon ta gaba. Na leƙa, na ga 'ya'yan biyu, ɗaya ya kwanta a kan tsohuwar hular Ai-Na-Sani.

Na ce, "A cikin manyan, wacce ce macen?"

Ya ɗaga kai ya daɗe. Ya ce, "Yaya, sai na tambayi Dakta." Can kuma ya ƙara, "Ko da yake ina da ra'ayi."

Na ce ya riƙe ra'ayinsa. Da zan tafi na hango tsintsiyar kwakwar a jingine bayan allo, ya riga ya fara satar kallonta. Na ɗauke ta na saƙala a hammata na taho da ita gida. Tana nan bayan ƙofata, tana shara da kyau.